Amshi Daban, Amsa Daban

Jama'a, Sabon Gari, Zariya.

Zuwa ga 'yata Hajara, Uwata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya a gidan gwaggonki a Kano, tun jirgi bai ɗauke ki ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke ta ƙorafi. Ba na ganin laifinta, duk abin da ke jikina mai gardama ne. Innarki tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki tun ranar da kika fita ban ci tuwon kirki ba. Ba haka ba ne, miyar ce ba ta ji daddawa ba.

Kin san ni da biro ba ma ga maciji. Na taɓa shiga ajin yaƙi da jahilci a bayan tashar jirgin ƙasa, malamin ya ce "ba" ɗina ta juya baya ta zama "da". Na ce masa ni na haife ta, duk inda ta ga dama ta kalla. Aka yi dariya, na ɗauki hulata na fita, ban koma ba. Ga nasihar farko nan tun ba mu zauna ba: wanda ya yi fushi da malami, da aron hannu zai tsufa. Yau ma hannun wani na ara. Yana da surutu, yana tsoma mini baki, in kin ga magana ta karkace laifinsa ne. Zan gaya miki ko wane ne in mun kai wurin. Kada ki tsallaka ƙarshe, na san halinki.

Uwata, mun rabu ba daɗi, kuma ba na so ki haye sama da maganar da na yi miki ta ƙarshe a kunnenki. Bari in maimaita yadda aka yi, don na san ke da Innarki kun riga kun gyara labarin yadda zai yi muku daɗi.

Kin zo daga Samaru kika ce jami'arku za ta tura ki Kazakistan shekara guda. Na ce ƙasar kaji ce? Kika ce a'a, ƙasar dawaki ce da tumaki, kuma yawancinsu Musulmi ne. Mijinki ya yarda, ni da ba a tambaya ba na ce ban ga dalili ba. Sai kika ɗauke ni a mota har gidanki, kika sa mini faifan bidiyo. Na ga mutum biyu zaune a gaban taro, mace da namiji, kowa rungume da wani abu mai dogon wuya da tsirkiya biyu. Kika ce sunansa dombira. Na ce gurmi ne ya sha madara ya yi tsawo. Namijin ya yi baitinsa ya tsaya, macen ta ɗauko daga inda ya ajiye ta mayar masa, nan take, ba takarda ba shiri. Kika ce ana kiran wasan aitis, kuma da shi suke koya wa jama'a sunayen kakanni har hawa bakwai, da tarihin ƙasarsu, da ladabin zama, har mai mulki in ya karkace a nan ake gaya masa, taro yana ji. Ban ji yarensu ko kalma ɗaya ba, amma na san lokacin da yarinyar nan ta kayar da shi, don na ga taro ya tashi, na ga yadda hannunsa ya yi sanyi a kan tsirkiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya yi bayan nan. Ya dafa ƙirji ya sunkuya mata yana dariya. Na ce miki wannan ba shi da zuciya.

Daga nan kika kawo buƙatarki. Wai in zauna da Bulus mai molo na Jushi mu yi irin wannan a kaset, ki tafi da shi ki nuna musu mu ma a Zazzau muna da namu. Na ce ba na haɗa tabarma da wanda ya ci mutuncina a kasuwa. Kika ce, "Baba, kai ba abokin waƙa kake so ba, 'yan amshi kake so. Mu ma duk gidan nan 'yan amshi ka mayar da mu." Na ce tashi ki ba ni wuri. Na manta a gidanki muke, sai ni na tashi na nemi ɗan acaɓa. Washegari kika zo sallama, na juya wa ƙofa baya na ce ki je, tunda waƙar baƙi ta fi ta ubanki. Ban sa miki albarka ba. Wannan shi ne abin da ke hana miya daɗi.

Sunan mahaifiyata na sa miki, ashe har da bakinta kika ɗauko. Ita kaɗai ce take gaya mini magana in rasa ta cewa, Allah Ya jiƙanta.

To bari ki ji abin da ya haɗa ni da Bulus daga bakina, don abin da kika sani a bakin 'yan unguwa kika tsinta. Lokacin ko yaye ki ba a yi ba. Takin zamani ya shigo, manoma suna tsoronsa, wasu na cewa yana kashe ƙasa. Malaman gona na Samaru suka ce a nemo mawaƙi ya wayar da kan mutane ranar kasuwa. Wa za a nemo in ba Tanko mai gurmi ba? A lokacin ba a suna ba a biki daga Jama'a har Hayin Dogo sai da ni da yarana 'yan amshi. Wani malamin gona ya zaunar da ni a inuwa yana yi mini bayanin yadda ake zuba takin. Ni kuwa ina gyaɗa kai, amma hankalina yana wajen neman kalmar da za ta hau da "rumbu". Ya gama ya ce, "Ka gane?" Na ce tun kafin ka fara.

Uwata, in kin je can, ki saurara har mutum ya kai aya. Mu masu baki muna da wata cuta: ana magana muna wasa wuƙar amsa, ba ma jin abin da ake faɗa. Na lura da yarinyar nan ta cikin faifai, lokacin da abokin karawarta ke waƙa ko motsi ba ta yi, kunnenta duk yana kansa. Da abin da ya fito daga bakinsa ta ɗaure shi. Kunne ne ya ci gasar, baki rakiya ya yi.

Ranar kasuwa ta zo, taro ya cika maƙil. Na kama gurmi na ce:

Takin zamani, farin gishirin gona,
Zuba shi a gindi ya rungumi kara,
Cika hannu, manomi, kada ka yi rowa,
Mai rowar taki ba ya cika rumbu.

Yarana suka karɓa, "Ba ya cika rumbu!" Kan nan nawa ya yi girma har hula ta matse. Can daga bayan masu sayar da rake sai na ji molo. Wani gajere ne baƙi, mai wushirya, da rigar leburorin gonar gwaji. Bulus ke nan, mutumin kudancin Zariya da ya bar aikin reluwe ya koma gona, shi ke kaɗa wa mutanensu molo a coci. Ya fara da gaishe ni, ka ji munafunci, sannan ya ce:

Sannu Tanko, zakin Sabon Gari,
Gishiri in ya yi yawa miya ta ɓaci,
Taki in ya taɓa kara, kara ya ƙone,
Bar tazarar tafin hannu, tona ka rufe,
Mai gurmi bai taɓa riƙe fartanya ba.

Mai rubutu ya ce ba "zaki" aka ce ba, "giwa" aka ce. Na ce ya rubuta abin da na faɗa, ni aka yi wa waƙar.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Har yarana, 'yan amshina da nake ciyarwa, na ga kafaɗunsu suna rawa. Me na yi? Na shiga zambo. Na taɓa gajartarsa, na ce sai ya hau turmi yake gaisawa da akuya. Na taɓa wushiryarsa, na ce jirgin Kano yana wucewa ta ciki ba ya rage gudu. An yi dariya, ba zan ɓoye ba, zambon ya yi daɗi, har gobe ina alfahari da na jirgin nan. Amma da na tsaya sai ya sake gaishe ni, ya ce duk ya karɓa, gajere ne shi, mai wushirya ne, to yanzu a koma maganar masara. Ni kuwa ba ni da komai a kan masara. Na rataya gurmina na ratsa taro na tafi.

Ki riƙe wannan da kyau. Zagi ba amsa ba ne. Ranar nan mutane sun tafi gida da abu biyu, zambona da baitinsa. Nawa ya yi kwana biyu a bakin 'yan tasha ya mutu. Nasa kuwa, je ki gonakin bayan Samaru da damina, za ki ji tsoho yana gaya wa jikansa "bar tazarar tafin hannu", bai ma san waƙa ce ba, balle ya san mai ita. In wani ya ƙure ki a can, ko a aji ko a gaban taro, kada ki duba tsawonsa ko hancinsa. Duba maganar. In kina da abin da ya fi nasa ki kawo, in babu ki ce babu.

Saura ki ji ƙarshen wauta. Ina da 'yar gona a bayan layin dogo. Don in nuna wa duniya Bulus ƙarya yake yi, na sayo takin nan na cika hannu na rungumar da shi a gindin kowace masara, yadda na faɗa a waƙa. Kafin mako ya zagayo gona ta yi ja kamar an bi ta da wuta. Na ce ruwa ne ya yi fashi. Na ce iri ne ba kyau. Har cewa na yi sammu aka yi mini daga Jushi. Shekarar nan da dawar aro muka ci tuwo. Mai rubutu yana dariya har biro ya faɗi. Ɗauki ka ci gaba, ba don kai nake yi ba.

Mutumin cikin faifai da na ce ba shi da zuciya, ya fi ni wayo. Ya dafa ƙirji sau ɗaya, ya tafi gida da abin da ya koya, masararsa kuma tana nan tsaye. Ni na ƙi sunkuyawa na ɗan lokaci, na yi shekara talatin da wani abu ina canza hanya in na hango gajeren mutum. In an kayar da ke, Uwata, ki sallama tun a wurin. Ya fi araha.

Yanzu maganar amshi. Na kwana biyu ina jin haushinki a kanta, sai na ce bari in gwada. Na ce wa Innarki, "Gobe za a yi ruwa." Ta ce, "To." Na jima na ce, "Gobe ba za a yi ruwa ba." Ta ce, "To." Na ce ke wai ba ki da ra'ayi ne? Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, ina da shi, yana cikin 'to' ɗin, kai ne ba ka saurara." Ashe "to" ɗinta iri-iri ce. Akwai ta na yarda, akwai ta Allah Ya shirye ka, akwai wadda ta yi mini ranar da na ɗauki buhun taki na nufi gona. Ta ce tun a ranar ta san abin da zai faru, don ita 'yar manoma ce. Na ce me ya hana ki faɗa? Ta ce, "Wanda ya faɗa maka a kasuwa, me ka yi masa?"

Kin ga ɗan amshi ba ya ƙara maka komai. Abin da ka zuba masa shi zai mayar maka, in ka yi kuskure ya rera kuskuren da murya mai daɗi. Ranar kasuwar nan da ba a sami mai amsa ba, da ni da yarana mun ƙone masarar rabin Samaru, ana tafa mana. Saboda haka in kin zama babbar malama, ɗalibai suna bin ki da "haka ne, haka ne", ki nemi ɗayan nan mai taurin kai da ke ɗaga hannu a baya, ki jawo shi kusa. Da mijinki ma haka. Yaron kirki ne, amma yana cika cewa "to", ki bincika wace iri ce.

Ba wai na yafe komai ba ne. Har yanzu ina jin zafin cewa sai da kika ga baƙi a talabijin sannan kika san abin da ke rataye a bangon ubanki yana da daraja. Da ƙuruciya in ƙawayenki na boko sun zo, cewa kike yi in ɓoye gurmi. Kuma mutanenku na jami'a sun sha zuwa su ɗauki muryata, su ba ni lemon kwalba su tafi, ban sake jin inda muryar ta kwana ba. In kin zauna da mawaƙan can, kada ki yi musu haka. Ki ci abincinsu, ki san sunan 'ya'yansu, in kin rubuta abu ki koma ki karanta musu su gyara miki. Kin ce suna shan nonon goɗiya. In an miƙo miki ki yi bismilla ki kurɓa, kada ki yamutsa fuska, mu ma daddawarmu ba kowa ke iya shinshina ta ba. Innarki ta ƙulla miki ita da kuka da yaji a cikin ƙullin nan. Ki rufe kunnuwanki da ƙafafunki, an ce sanyinsu ba irin na Jos ba ne. Ki riƙe salla ko rana ta ƙi fitowa.

To, mun kai wurin. Shekaranjiya da hantsi na saɓa gurmi, na ɗauki rakodata, na hau acaɓa zuwa Jushi. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Kai ya yi fari fat, wushiryar nan ta faɗaɗa, yanzu jirgi biyu ma sa wuce. Ban yi sallama ba. Na ja benci na zauna, na ɗaure tsirkiya na ce:

Bulus, ka ce ban riƙe fartanya ba,
Na riƙe, ta ci mini gona guda,
Tazarar tafi gaskiyarka ce,
Amma ka bar baitinka da gurguwar ƙafa,
Ba ka ce a jira ƙasa ta jiƙa ba.

Ya ajiye gyaɗar. Sai ya waiwaya cikin gida ya ce, "Ladi! Kawo molon nan, Tanko ya kawo amsa." Matarsa ta leƙo ta ce, "Wace amsa?" Ya ce, "Ta ranar kasuwa." Ta ce, "Yesu! Sai yau?" Molon ma tsirkiyarsa ɗaya ta tsinke, sai da aka ciro wayar birkin keke aka ɗaura. Ya kaɗa ya ce:

Maraba da Tanko mai saurin hawainiya,
Damina talatin kana jiran ƙasa ta jiƙa,
Na karɓi gyara, gurgu ya sami sanda,
Zauna mu ga abin da ya rage a buhunka.

Uwata, kafin azahar gindin mangwaron nan ya cika. Muka bar taki muka shiga Sabon Gari kanta. Na kawo waɗanda jirgi ya sauke suka kafa layin 'yan goro, ya kawo waɗanda suka haƙa rijiyar bayan cocinsu da kowa ke sha. Na lissafo irin dawar da aka daina shukawa, ya gyara mini ɗaya ya ƙara biyu. Ya ɓata sunan wani tsohon sarkin pawa, na gyara masa, kuma ina so a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Abin da na sani bai sani ba, abin da ya sani ban sani ba, yaran da ke tsaye kuwa ba su san ko ɗaya ba, suka tafi da duka biyu.

Sai da muka gaji aka duba, ashe Ladi da na ba rakoda ba ta danna jan maɓallin ba. Dole muka sake. Kuma ko baiti ɗaya bai dawo yadda ya fito da fari ba, don waƙar amsa ba ta zama a jira ta. Ta farkon ta fi daɗi, kuma a cikinta ni na yi nasara. A ta biyun, wadda ke cikin kaset ɗin nan, mutane sun ce shi ne. Unguwarsu ce, me kike so su ce? Za ki ji wani wuri da taro ya yi ihu, wai na dafa ƙirji. Tari ne ya taso mini. Mun sa rana bayan girbi a ƙofar gidana, a nan za a san babba.

Yanzu kin san hannun wa na ara. 'Yan mishan sun koya masa rubutu, shi bai yi fushi da malaminsa ba.

Na janye maganar da na yi miki a bakin ƙofa. Ki je, Uwata, na sa miki albarka, duniya da lahira. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki ji yarensu su ji naki, Ya dawo mana da ke muna raye. Ki ba su kaset ɗin, ki ce daga tsofaffi biyu na Zazzau, in akwai mai ƙarfin hali a cikinsu ya aiko da amsa.

Abu ɗaya ya rage. A ƙarshen kaset, bayan an watse, na yi baiti ɗaya naki ke kaɗai, a kan 'yar da ta tsallake gurmin gida ta tafi neman na dawa. Bayansa na bar fili ba komai. Ki cika shi ki aiko mini. In na kunna na ji "haka ne Baba", wallahi mayar miki zan yi.

Ni ne mahaifinki,
Tanko mai gurmi. Ga dangwalen yatsana.

Hajara 'yata, ni ne Bulus. "Giwa" na ce. Kuma tari ba ya sa mutum ya cire hula. Ubangiji Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke.

Tanko ne kuma. Na sa ya karanta mini abin da ya ƙara. Bar shi kada ki goge. Amsarsa tana nan tafe, wannan karon ba za ta yi shekara talatin ba.